"End of life" na GCC, mi za mu kira shi da Hausa?

'Yan uwa ku taya ni, kalma ɗaya ta hana ni sakat tun jiya. Ina koya ma wasu yara C, yaren rubuta manhajar kwamfuta, a nan Yamai, sai wani ya karanto cewa GCC 11, wanda muke juya C da shi zuwa yaren na'ura, ya kai "fin de vie" (wato "end of life" da Faransanci), ni kuma bakina ya riga ni na ce masa ai ƙarshen rayuwa kenan, wallahi yaron nan har ya fara neman goge komai daga kwamfutarsa, a zatonsa gobe abin zai daina aiki.

To ai bai mutu ba. GCC tafinta ne, yana juya rubutunka zuwa yaren na'ura, kuma na 11 ɗin yau ma zai juya maka shi daidai. Abin da ya faru kawai, an fitar da 11.1 a Afrilun 2021, aka yi ta gyare-gyare har 11.5 a Yulin 2024, daga nan masu shi suka rufe reshen, ko ka gano kuskure ba mai fitar maka da 11.6. Wajen shekara 3 kenan.

Wani abokina ya ce mu ce "ya lalace" kamar maganin da kwanansa ya wuce, ban yarda ba, magani shi ne ke canzawa, wannan kuwa yana nan yadda yake, masu kula ne suka janye hannu. Wani ya kawo "cikar wa'adi", yana da daɗi amma kun san idan Bahaushe ya ce wa'adin wane ya cika, makoki za a tafi.

Ni yaye na zaɓa. An yaye GCC 11. Uwa ta hana nono, yaro na nan da ransa yana ta yawo, kuma abin da ya ƙara kama ni, a wajenmu idan za a yaye yaro ai wurin kaka ake kai shi, to haka ma nan, Ubuntu 22.04, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, da GCC 11 ya zo kuma kulawarsa sai 2027, wato kaka ta karɓa tana riƙo bayan uwa ta saki. Da na faɗa ma yaron haka nan take ya ce "Malam ashe namu yana gidan kaka ne".

Tsawon lokacin kafin yaye kuma sai mu ce shekarun goyo. Na LLVM, wani tafintan irin GCC, gajere ne, duk wata 6 sabo ke fitowa, tsohon sai a sauke shi. Yaren Go na goyon biyu na baya-bayan nan kawai, yaren Rust kuwa duk sati 6 ake haihuwa, ɗaya tal ke bayanta.

Inda na tsaya shi ne sigar ƙarshe irin 11.5 ɗin nan, auta za mu ce ko akwai wadda ta fi? Mutanen Tawa ku kawo taku, don darasi na gaba da yaye zan shiga aji.