Kumburi a ganɗar mama, sun ce MRI da CT, duka biyun dole ne?

Ummu_Hanan:
Salam jama'a, dan Allah masu ilimin lafiya ku taimaka. Mamarmu ce ke da wani ɗan kumburi a saman baki can wajen ganɗa, kamar ƙwallon dabino, ya kai shekara 2 ba zafi ba jini, sai dai harshenta ya riƙa taɓo shi in tana cin abinci. Likita ya ce ƙari ne daga ƙananan wuraren da ke fitar da yawu, da alama ba daji ba ne, amma kuma ya rubuta MRI da CT. To in ba daji ba ne meye na hotuna har biyu?

Dan_Radiyo:
Wa'alaikis salam 'yar'uwa, Allah ya ba mama lafiya. Ni ɗaukar hoton nake yi, ba likita ba. Kowanne da aikinsa. MRI nama yake nunawa, ƙarin da ya fi fitowa a ganɗa shi ne wanda ake kira filiyomofik adinoma, shi ba daji ba ne, in shi ne za ki ga ya fito fes da iyakarsa a zagaye kamar an zana, yana haske a hoton da muke ce wa T2, sannan a nan ake duba ko abin ya bi jijiya ya yi ciki, wanda halin wani irin daji ne. CT kuma ƙashi, ƙari mai lafiya a hankali yake danna ƙashin ganɗa ya lotsa sumul, mugun kuwa cinye shi yake. In tana da ƙarfe a jiki ko na'urar bugun zuciya ku faɗa tun kafin ta shiga MRI.

Abu_Sadiq:
Ba za a yi sikanin irin na masu ciki ba? ya fi sauƙi ai

Dan_Radiyo:
Da a leɓe ne ko kumatu eh, ganɗa kam wuyar kaiwa gare ta kuma ba ya ratsa ƙashi.

Maman_Ilham:
Ƙanwata kar rashin zafin ya sa ku sake. A waɗannan ƙananan wuraren yawun kusan rabin ƙarin da ke fitowa daji ne, wani kuma a hoto lumui kamar na kirki, shi ya sa bayan hoton sai an ɗebi ɗan naman an duba kafin a tabbatar. Ko mai lafiyar ne ma cirewa ake yi gaba ɗaya, in aka bar saura dawowa yake.

Ummu_Hanan:
Na gode sosai wlh, yanzu na gane. Tana da haƙorin ƙarfe guda ɗaya, shi ma a faɗa musu ko?