Katamaran ɗina yana nutsa hanci, kuma ya ƙi juyawa

Baban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Mun haɗa kuɗi ni da abokin aikina mun sayi Hobie 16 na hannu a nan Legas, katamaran ne, wato jirgin ruwa mai ƙwarya biyu da iska ke turawa da ƙyalle. Abu biyu ke damuna, da iska ta ɗan yi ƙarfi sai hancin ƙwarya ɗaya ya dinga nutsewa kamar zai wuntsila da mu ta gaba, sannan in na zo juyawa ta cikin iska sai ya tsaya cak har ya fara ja da baya. Masu sani a taimaka don Allah

Injiniya: Wa alaikumus salam. Na san mas ɗinka, wato dogon sandan da ke riƙe ƙyallen, a tsaye yake ƙyam. Wannan jirgin yana son mas ya ɗan kwanta baya, shi ke rage wa hancin nauyi. Wayoyin gefe biyun nan da ke riƙe mas, sauko da fil ɗinsu rami ɗaya ko biyu ƙasa, kuma ramin dama ya zama daidai da na hagu. Abin da sabbi ba sa ganewa shi ne igiyar da ke ɗaga jib, ƙaramin ƙyallen gaba, ita ce ke ɗaure komai, in ka ja ta sosai za ka ga wayar gaba ta saki tana lilo, kar ka tsorata haka ake so. Amma kar ka matse har mas ya kasa juyawa a gindinsa. Gwajin kuwa, ja igiyar babban ƙyalle iya ƙarfinka, fulin sama da na ƙasa su kusa haɗuwa. In sun haɗu ƙyallen bai ɗauru ba to ka kwantar da yawa

Anti Bilki: Injiniya ka yi gaskiya amma kafin ya taɓa waya ya fara buɗe toshiyar bayan kowace ƙwarya ya ɗaga hancin ya ga ko ruwa zai fito. Tsohon jirgi in ya sha ruwa a ciki duk saitin duniya ba zai hana shi nutso ba. Ka kuma danna saman ƙwaryar da tafin hannu, dab da gaban ƙarfen da ke riƙe da shimfiɗar zama, in ya lotsa ko ka ji yana ƙas-ƙas to faibar ta rabu, gyara kafin ruwa. Sannan ku biyun ku matsa baya sosai in iska na bugowa ta gefe, mai jib ya sassauta da zarar ya ga hanci ya fara shan ruwa

Baban Hanifa: Anti na gode, ban san da maganar dannawar nan ba. Juyawar fa?

Kawu na Apapa: Ɗana wannan halinsa ne tun da Hobie Alter ya fito da shi a Kalifoniya wajen 1970, ba shi da allon da ake zurawa ƙasa, siffar ƙwaryar ce ke riƙe shi, ga shi bai wuce kilo 145 ba, shi ya sa gudunsa ke mutuwa nan take. Shiga juyin da gudu, tura sandar tuƙi a hankali ka riƙe ta a wurin, kar ka fizga don fizga burki ce. Jib a bar shi a ɗaure har iska ta cika shi ta baya ta tura hancin ya tsallaka, a lokacin kai kuma ka saki babbar igiya kamar kamu ɗaya, sai hanci ya gama ketarewa a mai da jib ɗaya gefen. In ya riga ya fara ja da baya juya sandar ɗaya ɓangaren, kamar ribas a mota

Injiniya: Ƙari, duba allunan tuƙin biyu ko sun kulle ƙasa sosai. In ɗaya ya ɗan ɗago sandar za ta yi nauyi har kafaɗa ta yi ciwo

Anti Bilki: Ni dai shawarata ka je Lagos Yacht Club ka nemi wanda zai ɗauke ka a matsayin mai riƙe jib, suna tseren Hobie 16 a can, abin da hannu zai koya a fita ɗaya ba a rubuta shi a waya. Kuma ku kifar da shi da gangan a wuri mai kwanciya ku koyi tayar da shi da igiya, da rigar ceto a jikin kowa

Kawu na Apapa: Kuma ranar da za ku ɗaga mas a tudu ku fara kallon sama, alminiyom ne, in ya taɓa wayar lantarki rai ake rasawa. A ruwa ma ku nisanci hanyar manyan jiragen da ke shiga Apapa, ba sa iya tsayawa saboda ku, ga ruwan wurin da ja in teku na janyewa

Baban Hanifa: Allah ya saka da alheri. Asabar zan fara da toshiya da danna ƙwarya, Injiniya zan turo maka hoton ramukan ka gani kafin in motsa fil