Aikin Dare a Asibiti: Kowa Ya Faɗi Abin da Ya Gani

Sabuwar Nas, Katsina:
Assalamu alaikum yayyena da iyayena a aiki. Wata biyu ke nan da na kama aiki, jiya na ga sunana a jadawali: dare bakwai a jere daga Litinin, a ɗakin yara, tara na dare zuwa takwas na safe, sannan hutun kwana bakwai. Mun yi dare a makaranta, amma lokacin akwai sista a kanmu. Yanzu ni za a tambaya. Hankalin mahaifiyata bai kwanta ba, nawa ma haka. Don Allah wanda ya ɗanɗana ya faɗa mini gaskiya, daɗin da wuyar.

Maman Biyu, Zariya:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Shekarata tara ina yi, kuma abin da ya fi ba ni wuya ranar da ke bin daren ce. A asibiti aiki ke riƙe ki, ba ki sanin lokaci ya tafi. Sai kin dawo gida wajen tara na safe, a watan Afrilu, ba wuta, kwanon rufi ya fara ɗaukar zafi. Kin kwanta ke nan mai ruwa ya buga ƙofa. Maƙwabciya ta yi sallama tana neman aron turmi. Yara sun taso daga makaranta ƙarfe ɗaya suna jiran abinci. Kowa cewa yake "ai tana gida". Babu wanda ke lissafa cewa barcinki na rana shi ne darenki.

A shekarar farko da barcin awa uku nake komawa aiki. Dare na huɗu, wajen ƙarfe huɗu, na tsaya gaban takardar wani yaro na karanta awon maganinsa sau uku, kaina ya ƙi ɗauka. Na taso abokiyar aikina muka lissafa tare. Tun ranar na zaunar da maigidana da surukata, na ce musu ran 'ya'yan mutane ne a hannuna. Yanzu daga goma zuwa azahar ƙofata a rufe take, wayata a kashe, miya kuwa tun ranar Lahadi nake yin ta mai yawa. Ki yi wannan zaman da mutanen gidanku kafin Litinin, kar ki jira sai kin faɗi.

Nas na Ɗakin Gaggawa, Kano:
Ni kam da za a bar ni da zaɓi, dare zan ɗauka. Da rana ga zagayen likitoci, ga ɗalibai, ga masu dubiya, ga wanda ya zo da takarda a sa hannu. Da dare kai ne da maras lafiyarka. Duk abin da hannuna ya iya, a dare ya koya. Sa wa yaron da gudawa ta tsotse kanula, wato siririn bututun ƙarin ruwa, jijiya ta ɓuya, an ɗauke wuta, uban yana haska mini da tocilan waya kafin a tayar da janareta. Wanda ya yi wannan sau goma ba ya sake rawar hannu. Kuma satin hutun nan da shi na yi karatun digirina, da shi nake leƙa gona a damina.

Abu ɗaya nake gargaɗi a kai: hanyar komawa gida. Na taɓa yin gyangyaɗi a kan babur, sai ƙarar hon ɗin wata mota ce ta farkar da ni, na tsinci kaina a gefen kwalbati. Tun daga nan ranar da na kwana aiki adaidaita sahu nake hawa.

Maman Biyu, Zariya:
Malam, gaskiyarka a kan koyon aiki. Amma kai in ka dawo, abinci na rufe yana jiran ka, an kuma kori yara waje don Baba na barci. Ka tambayi matan da kuke kwana aiki tare wa ke korar musu yara.

Nas na Ɗakin Gaggawa, Kano:
Wannan haka yake, Hajiya. Ban musa ba.

Ungozoma, Gusau:
Akwai maganar da ba a cika faɗa ba, wato ranar girki. Mu biyu ne wurin maigida. Satin da nake dare kwanana na faɗawa cikin aiki, kuma an daɗe ana kai ruwa rana kafin muka daidaita da abokiyar zamana, na riƙa rama kwana a satin hutu. Mai shirin aure ta faɗi maganar dare tun kafin a sa rana.

Duk da haka ba zan bar ɗakin haihuwa ba. An taɓa kawo mana yarinya, cikin fari, tana jijjiga, ƙarfe ɗaya na dare, daga ƙauye a bayan a-kori-kura. Muka ba ta maganin jijjiga, magnesium sulphate, wanda ake maimaita allurarsa duk bayan awa huɗu, kuma kafin kowace sai an ƙirga numfashi, an duba fitsari, an buga gwiwa an ga ta amsa. Ban zauna ba har asuba. Uwarta na bakin ƙofa a kan tabarma, carbi a hannu, duk fitowar da na yi sai ta ɗago ta dubi fuskata, ba ta cewa komai. Ana kiran sallah yarinyar ta buɗe ido ta nemi ruwa. Har yau ina jin muryar tsohuwar nan tana cewa "'yata, Allah Ya jiƙan mahaifanki". Da rana, cikin hayaniya, da wuya ki samu zama da mutum ɗaya haka.

Ɗan'uwanku daga Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Tunda ɗakin yara za ki, ki shirya wa damina. Daga Agusta zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro ke cika mana gadaje, wani lokaci yara biyu a gado ɗaya, kuma yawanci cikin dare ake shigowa da su, bayan an gwada komai a gida. Allurar artesunate lokacinta a ƙayyade yake: ta farko, sai bayan awa 12, sai a awa 24. Ta yaron da aka kwantar da rana a hannunki za ta faɗo. Ki rubuta lokutan a ƙaramar takarda tun wurin karɓar aiki, ki sa a aljihu, kar ki dogara da kanki ƙarfe uku na dare. Sannan ki zagaya ki duba tafin hannun yara da cikin idonsu. Wanda ya yi fari fat ki fara maganar jini tun goma na dare, lokacin da dangi ba su watse ba. Neman mai ba da jini ƙarfe biyu babbar wahala ce.

Yayarku a Ingila:
Nan daren awa goma sha biyu ne, amma ana biya. A asibitocin NHS, wato na gwamnati, nas na samun ƙarin kashi 30 cikin ɗari a kan awannin da ta yi tsakanin takwas na dare da shida na safe, ranar Lahadi kuma kashi 60. Shi ya sa da yawanmu da muka zo daga gida mu muke roƙon dare, don a samu na aikewa. Ina da labule mai kauri, babu mai buga mini ƙofa. Sai dai a watan Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu na yamma. Ina tashi duhu, ina fita duhu, na yi kwana huɗu ban ga rana sosai ba, kuma ba wanda zan yi wa magana da Hausa. Kewar hayaniyar da Maman Biyu ke kuka da ita nake yi. Da na ji NANNM, ƙungiyar nas-nas da ungozomomi ta Nijeriya, ta shiga yajin aikin gargaɗi a ƙarshen Yulin 2025, kuma alawus ɗin aikin karɓa-karɓa na cikin buƙatunta, ban yi mamaki ba. Abin da nake karɓa kan dare lokacin da nake aiki a gida bai kai wahalarsa ba.

Anti Mai Ritaya, Kano:
'Ya'yana, na yi shekara 35 a aikin nan, bari in yi maganar jiki. Allah Ya halicci ɗan Adam da agogo a cikinsa. Idan duhu ya yi ƙwaƙwalwa na sakin sinadarin melatonin mai kawo barci, zafin jiki kuma ya fi sauka wajen huɗu zuwa biyar na asuba. Sanyin nan da nauyin kai da kuke ji a lokacin daga nan yake, kar wadda ta ɗauka ragwanci ne. Hukumar binciken ciwon daji ta WHO da ke Faransa ta sa aikin dare cikin abubuwan da mai yiwuwa ne suna jawo ciwon daji, tun 2007, ta sake tabbatarwa a 2019. Ba don in tsorata ku na faɗa ba, don ku riƙa duba kanku ne. Mu muna auna jinin kowa, namu sai ya kayar da mu muke sani. Ni hawan jinina a bakin aiki aka gano shi.

Ke kuma 'yata ta Katsina: shayi ko kofi ki sha a farkon dare, kar ya wuce ƙarfe biyu, don bayan awa biyar ma kusan rabinsa na nan a jini, zai hana ki barcin safe. Kar ki cika ciki da tuwo tsakar dare. In ku biyu ne, ku riƙa karɓar juna kowa ta runtsa minti ashirin, da sanin babbarku. Kuma kar ki ji kunyar taso likita. Gara ya yi miki tsaki.

Sabuwar Nas, Katsina:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Yau na gama dare na uku. Takardar aljihun nan ta yi mini rana, allura biyar na rubuta a kai jiya. Anti, na taso likita ƙarfe uku saboda numfashin wata jaririya, ya zo, an sa mata oksijin, da safe tana shan nono. Mama ta hana ƙannena shiga ɓangarenmu har azahar, ita da kanta take zama a tsakar gida tana karɓar sallama. Awa huɗu da rabi na samu. Ƙafafuna dai sun kumbura, ko akwai wadda ta san irin takalmin da ya fi?