Tambaya kan kalmomin Turanci na barbara, gaurayawa, samarwa da bambancewa

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum, malamai. Ina nazarin wani darasi na kimiyyar noma da Turanci, sai wasu kalmomi suka shige mini duhu, domin ƙamus yana ba su ma'ana kusan ɗaya. Mene ne bambancin "hybrid" da "crossbreed", tunda duka biyun ana cewa abin da aka samu ta hanyar barbara ne? Haka kuma "mix" da "blend", da "produce" da "product", da "distinguish" da "discriminate". Ina roƙon wanda Allah ya sanar da shi ya warware mini.

Malamin Kimiyya:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da za ka duba shi ne nisan da ke tsakanin iyayen biyu. Idan jinsin halittarsu ɗaya ne, misali dukansu shanu ne, amma nau'insu ya bambanta, kamar a haɗa bijimin Holstein da saniyar Jersey, ɗan maraƙin "crossbreed" ne, kuma shi ma zai hayayyafa idan ya girma, domin dai saniya ce ta haifi saniya. A dabbobi an fi ajiye "hybrid" ga abin da aka samu daga jinsi biyu mabambanta, kuma babu misalin da ya kai alfadari, wanda ubansa jaki ne uwarsa goɗiya. Doki yana da kuromozom (zaren da ke ɗauke da gadon halitta a cikin ƙwayoyin jiki) guda 64, jaki yana da 62, sai alfadari ya tashi da 63, adadin da ba ya rabuwa gida biyu daidai, shi ya sa kusan kullum ba ya haihuwa.

A tsirrai kuwa kalmar ta fi haka faɗi, kuma a nan ne masu karatu suke rikicewa. Masarar da ake kira "hybrid" masara ce ta uwa da uba, sai dai an haɗa tsatso biyu da aka daɗe ana tacewa, hanyar da masanin tsirrai George Shull ya bayyana a Amurka a 1908. Shukar farko tana fin iyayenta ƙarfi da yabanya, amma idan manomi ya ajiye irinta ya sake shukawa, sai ya ga gonar ta fito gargada-gargada, wata doguwa wata gajera, domin siffofin da aka haɗa sun sake rarrabuwa, kamar yadda masanin gadon halitta Gregor Mendel ya nuna a aikinsa na 1866. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne ga wanda abincinsa ya dogara da girbi.

Mai Fassara:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina so in ƙara jan hankali biyu. Na farko, auren itace, inda ake yanko reshe a ɗaure shi a jikin wani, sunansa "grafting", kuma ba barbara ba ne, domin reshen yana riƙe da gadonsa yadda yake, jiki kawai ya ara. Na biyu, kada a kuskura a kira ɗan Adam "crossbreed" ko "half-breed" ko "mongrel", domin cin mutunci ne ƙarara.

Game da gaurayawa, "mix" ita ce gama-gari, ko da abubuwan suna nan ana ganinsu, kamar yashi da tsakuwa da za ka iya tsince su ɗaya bayan ɗaya. "Blend" kuwa tana nufin sun saje har ido ba ya raba su, kamar fenti shuɗi da rawaya da suka koma kore.

Tsohuwar Malama:

Ɗana, sauran biyun suna buƙatar kunne da lura. "Produce" idan aikatau ce tana nufin samarwa, ko ta noma ko ta haihuwa ko ta ƙira, kuma ana ƙarfafa gaɓarta ta biyu wajen furuci. Idan suna ce sai ƙarfin ya dawo gaɓar farko, ma'anarta ta taƙaita ga amfanin gona. "Product" an fi amfani da ita ga abin da aka sarrafa, ko sakamakon da wani aiki ya haifar.

"Distinguish" ita ce ka gane bambanci tsakanin abubuwa masu kama da juna, kamar mai kiwon da ya tantance alfadari daga doki ta tsawon kunne. "Discriminate" ma tana iya ɗaukar wannan ma'ana idan "between" ta biyo bayanta, amma da zarar ka ga "against" ce ta biyo bayanta to magana ta koma nuna wariya. A rubutun kimiyya na fi son ka riƙe "distinguish", domin ba ta ɗauke da wannan zargi.