Ciwon ƙugu da ɗigar fitsari a wata na shida, ku ba ni shawara

Maman Abba:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Cikina ya shiga wata shida, na biyu ke nan. Ɗinki nake yi, in na tashi daga kan keke sai na dafa bango kafin ƙuguna ya miƙe. Abin da ya fi damuna, in na yi atishawa sai fitsari ya ɗan ɗigo. Jiya sau uku na sake alwala na canza zani. Surukata ta ce in riƙa daka, jiki zai warware. Akwai motsa jikin da ba zai taɓa ɗan ba?

Anti Ungozoma:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Akwai tsoka a ƙasan mara da ta shimfiɗu kamar faifai, ita ke tallafe mafitsara da mahaifa. Nauyin ciki ne ke danne ta. Atisayen da ake kira Kegel shi zai ƙarfafa miki ita. Ki matse kamar kina riƙe fitsari da tusa lokaci guda, ki ja sama, ki ƙirga 5, ki saki sarai ki ƙirga 5. Sau 10, safe da rana da dare. Kar ki riƙe numfashi, kar ki matse cinyoyi, kuma ba lokacin da kike fitsari ake yi ba. Ko a kan keken naki za ki iya, ba wanda zai gane. Sai an yi makonni ake ganin canji, kar ki karaya. Daka kuwa, da wannan ƙugun ki ba Mama haƙuri, tafiyar minti 30 da sanyin yamma ta fi miki.

Ummu Hanan:
Ni rarrafe ya taimake ni. In durƙusa a kan tabarma, tafin hannu a ƙasa, in ja cibiya ciki in gantsaro bayana sama kamar mage, in saki a hankali. Da dare kuma filo tsakanin gwiwoyi, in kwanta ta gefe. Allah ya sauke ki lafiya.

Anti Ungozoma:
Wannan ma yana da kyau. Sai dai banda atisayen kwanciya rigingine, tunda kin wuce wata huɗu. In kin ga jini, ko ruwa na zuba, ko jiri, ko mara na murɗawa, ki tsaya ki tafi asibiti. In fitsarin na miki zafi ki faɗa musu ranar awo.

Maman Abba:
Na gode ƙwarai Anti. Laraba ce ranar awona, zan faɗa musu.