Digiri na biyu kan kula da teku da gaɓarta: wa ake ɗauka, me ake koyarwa?

Mai Tambaya:
Assalamu alaikum. Don Allah masana ina neman haske. Wanda ya yi digirin farko a ilimin labarin ƙasa, ba kimiyyar halittun ruwa ba, zai samu gurbin digiri na biyu a fannin kula da muhallin teku da gaɓar teku? Shekara nawa ake yi, kuma wane abu ne ya fi kayar da ɗalibai?

Ma'aikaciyar Muhalli:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Za ka samu. Sai dai ka bambance kwasa-kwasai iri biyu da sunansu ke kama da juna. Akwai na kimiyya zalla, wanda ke neman mai tushe a ilimin halittu ko sinadarai, kamar shirin IMBRSea na Erasmus Mundus (tsarin karatu na Tarayyar Turai) da Jami'ar Ghent ta Beljiyam ke jagoranta, shekara biyu. Akwai kuma na gudanarwa da tsara manufofi, kuma nan ne ƙofarka ta fi faɗi. Cibiyar jami'a da ke Isafjordur a ƙasar Ayislan tana da digiri na shekara biyu kan kula da gaɓar teku, tana karɓar mutane daga fannoni daban-daban. Jami'ar Harkokin Teku ta Duniya da ke Malmo a Suwidin, wadda IMO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sufurin teku, ta kafa a 1983, ta fi karkata ga ma'aikatan da suka riga suka taɓa aiki a fannin. A Birtaniya galibi shekara ɗaya ce, nauyin darussa maki 180, kuma 60 daga ciki na kundin bincike ne. Yawancin jami'o'in da ke koyarwa da Ingilishi suna neman 6.5 a jarrabawar IELTS.

Doka ba za ta bar ka ba. Za ka karanta Yarjejeniyar Dokar Teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982, wadda ta fara aiki a 1994: mil 12 na teku daga gaɓa mallakin ƙasa ne, har zuwa mil 200 kuma ita ke da haƙƙin kifi da ma'adinai. Sai yarjejeniyar MARPOL kan gurɓatar teku daga jiragen ruwa, da ƙudurin 2022 na kare kashi 30 cikin 100 na tekuna kafin 2030. Kada ka zaɓi kwas saboda daɗin suna. Buɗe jerin darussan, ka ga ko akwai taswirar kwamfuta, ƙididdiga da fita fili. In babu ukun nan, ka nemi wani.

Malamin Taswira:
Hajiya ta yi bayanin shiga, bari in taɓa abin da ke kayar da mutane, wato kundin bincike. Ɗaliban labarin ƙasa sun fi son auna zaizayar gaɓa da hotunan tauraron ɗan'adam, kuma batu ne mai kyau. Hotunan Sentinel-2 kyauta ne, kowane ɗigo na hoton yana wakiltar mita 10 a ƙasa, amma daga 2015 suka fara. Na Landsat mita 30 ne, sai dai sun koma har shekarun 1980. Ana zana layin gaɓa na kowace shekara, a jera layukan awo da manhajar DSAS, a fitar da mita nawa ƙasa ke ja da baya a shekara.

Ga inda ake yin tuntuɓe: teku na cika tana janyewa kullum. A rairayin da gangararsa take mita 1 cikin 50, bambancin mita ɗaya a tsayin ruwa zai matsar da bakin ruwan mita 50 a kan hoto. Ɗalibi ya ɗauki hoton lokacin janyewa ya gwada da na lokacin cika, sai ya rubuta cewa teku ta cinye mita 50, alhali ko taku ɗaya ba ta ci ba. Maganinsa, ka duba jadawalin cika da janyewa na ranar da sa'ar kowane hoto, ka zaɓi masu tsayin ruwa kusan ɗaya, a yanayi ɗaya na shekara, ko ka bi layin tsirrai maimakon bakin ruwa. Kuma canjin da bai kai girman ɗigo ɗaya ba, kada ka kira shi sakamako. Ka fara koyon manhajar taswira ta QGIS da ta ƙididdiga ta R tun yanzu, wata uku kafin tafiya, domin a shirin shekara ɗaya ba a jiran kowa.

Mai Tambaya:
Allah Ya saka da alheri, Malam. To aikin fili fa? Dole ne sai na iya nutso?

Mai Binciken Fili:
Ba dole ba ne, sai in a kan murjani za ka yi aiki. Yawancin aikin da takalmin roba ake yin sa cikin taɓo. A dajin mangurob, wato bishiyoyin da ke tsirowa a taɓon gaɓar teku, ana yanka fili mita 10 sau 10, a auna kaurin kowace bishiya a tsayin mita 1.3, mai saiwoyin da suka fito sama kuma a auna ta sama da saiwar ƙarshe. Mai neman yawan kabon sai ya haƙo ƙasa har zurfin mita ɗaya, don mafi yawansa a ƙasa yake, ba a itacen ba. Samfurin ruwa a sa shi cikin ƙanƙara nan take, iskar oksijin kuwa a wurin ake auna ta, domin tana canzawa cikin kwalba. In ta gaza miligiram 2 a lita, yawancin kifi ba ya zama.

Amma ina ƙara wa maganar Malam abu ɗaya. Taswira kaɗai ba ta kare gaɓa. Wuraren da aka keɓe a takarda ba tare da an zauna da masunta ba, kamun kifi bai tsaya a cikinsu ba. Haka dashen mangurob yake mutuwa idan aka dasa a taɓon da ke ƙasa da matsakaicin tsayin teku, inda ruwa ke daɗewa a kan tsiron. Masunta sun san inda ruwa ke kwana, don haka ka ɗauki darasin yin hira da tattara bayanan jama'a da muhimmanci. Hirar tana buƙatar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a, ɗibar samfuri a wurin da aka keɓe tana buƙatar izini, fitar da samfurin halitta zuwa wata ƙasa kuma ya shiga ƙarƙashin Yarjejeniyar Nagoya kan amfani da albarkatun halittu na ƙasashe. Takardun nan kan ci watanni, saboda haka ka shigar da su a zangon farko, tun kafin ka gama rubuta tsarin bincikenka.