Ɗana ba ya barci da wuri, kakarsa kuma tana riga kowa tashi

Tambaya daga Tahoua: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 15 ba ya samun barci sai tsakar dare, da safe kuma yana gyangyaɗi a aji, alhali kakarsa tana farkawa tun kafin kiran assalatu. Shin wannan ciwo ne?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Hajiya. Agogon jiki ne ke sauyawa da shekaru, domin a lokacin balaga sinadarin melatonin mai jawo barci yakan makara wajen fitowa, da tsufa kuma barci yakan zo da wuri. Yaro kamarsa yana bukatar awa 8 zuwa 10.

Amsa ta biyu: Hajiya, ki riƙa karɓar salularsa bayan isha'i, saboda haskenta yana ƙara jinkirta barcin.